Mace ɗaya, suna uku: yadda muka bi sawun tallafin naira dubu 25

Ni malamin makaranta ne, makarantar kuɗi, irin wadda ake buɗewa a gida mai ɗaki shida a rubuta mata dogon suna da Turanci a jikin katanga. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da lissafi a aji huɗu da aji biyar. Na fara da albashin naira dubu 18, yanzu ina ɗaukar dubu 35, shi ma in iyayen yara sun biya kuɗin zango a kan kari. Maiɗakina tana suyar awara da la'asar, yaran unguwa na shigowa saye. Mu bakwai ne a ciki da falo na haya, can wajen Ɗorayi: ni da ita, 'ya'yanmu huɗu, da ɗan yayana marigayi.

A Kano mutum irina ba ya cikin lissafin mabuƙata. Kullum da safe ka fito da gogaggiyar shadda, ko da ta sha wanki har ta koɗe, yara na rusunawa suna "ina kwana Malam", to shi ke nan an sa ka a sahun masu rufin asiri. Ranar da attajirin unguwa zai fitar da zakka, ko ake rabon gero da sukari da azumi, ba wanda zai kalli ƙofarka, kai ma kuma ba za ka so a kalla ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Albashina bai taɓa ganin sha biyar ga wata ba.

Korona ce ta fara yaye mana zane. An rufe makarantu a watan Maris na 2020, aka kulle Kano a Afrilu, ba mu koma aji ba sai Oktoba. Ma'aikacin gwamnati yana gida albashinsa na shiga, mu kuwa ba yara ba kuɗi. Na sayar da babur ɗina a lokacin, har yau ban mai da shi ba.

Kafin nan na san da zancen tallafin dubu biyar-biyar na zamanin Buhari, amma daga bakin dangin mahaifiyata na ƙauye. Naira dubu 5 ce a wata, ana haɗa ta wata biyu a ba mace dubu 10 a hannu. Kuɗin daga bashin Bankin Duniya na dala miliyan 500 yake, sai kuma dala miliyan 322 da ƙasar Suwizalan ta dawo da su daga asusun da aka danganta da marigayi Janar Sani Abacha. Mu 'yan birni muna jin abin kamar labarin takin zamani: na mutanen karkara ne.

A shekarar da ta biyo bayan kullen sai ga mai shela yana zagayawa, wai mai unguwa na neman kowa a filin firamare, baƙi za su zo daga ƙaramar hukuma. Na je ne don kallo. Suka ce suna haɗa rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa, kuma suka nanata cewa shiga rajista ba alkawarin kuɗi ba ne, kundi ne da gwamnati za ta riƙa dubawa in za ta yi wani shiri. Wannan maganar ba wanda ya ji ta. Kowa kuɗi ya ji.

Yadda suka yi aikin ya ba ni sha'awa, ba zan ɓoye ba. Suka raba mu uku, maza daban, mata daban, matasa daban, suka ce kowane rukuni ya faɗi da bakinsa wane ne talaka a unguwar nan, sannan ya lissafo gidajen da suka dace da abin da ya faɗa. A wajen maza aka fara jerowa: wanda ba a ɗora tukunya sau biyu a gidansa, bazawara mai marayu, tsohon da ba mai kula da shi, mai larurar da ta hana shi fita nema. Duk gaskiya ne. Sai wani dattijo da ke gadin wani gidan sama a bakin titi ya ɗaga hannu ya ce, "Ku rubuta da wanda yake fita aiki kullum amma albashinsa ke ƙarewa ran goma ga wata." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, da ƙarfi ma, don kada wani ya waiwayo ni.

Ban ba da sunana ba. Ashe a wajen mata an riga an gama da ni. Maƙwabciyarmu, wadda ta san sau nawa maiɗakina ke aiko yaro aron garin masara, ita ta ambaci gidanmu, sauran kuma suka ce haka ne. Da aka haɗa takardun rukunan uku aka karanto a bainar jama'a, sai na ji sunana a lasifika. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daren nan mun yi cacar baki. Na ce an tona mini asiri a gaban iyayen ɗalibaina. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Malam, asirin da mai shago ya sani, mai gawayi ya sani, ɗan garuwa ya sani, wa ya rage ake ɓoye wa?" Washegari na tafi wajen mai unguwa da niyyar a cire ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ma'aikaci ne, a ba wanda ya fi ni buƙata." Ya ce, "Malam, ba roƙa ka yi ba, jama'a ne suka shaide ka. Kuma ba kai za a ba ba, yaran nan biyar za a ba. Je ka abinka." Na fito ba tare da na sami abin cewa ba.

Bayan mako biyu masu ɗaukar bayanai suka zo, saurayi da budurwa, da ƙaramar kwamfutar hannu. Tambayar farko: mutum nawa ke ci daga tukunya ɗaya? A wajensu wannan shi ne gida, ba katanga ba, shi ya sa gidan hayarmu mai ƙofa ɗaya ya tashi gida biyar. Daga nan sai rufin ɗaki, kwano ne ko azara. Daɓen ƙasa ne ko siminti. Banɗaki namu ne ko na haɗaka. Ruwan famfo muke sha ko na 'yan garuwa. Da me ake girki. Yara nawa ke zuwa makaranta. Iya ina maigida ya tsaya a karatu. Sun tambayi sana'ata, amma ba su tambayi nawa nake ɗauka ba. Na tambayi saurayin dalili. Ya ce a ƙasar da yawancin mutane ba su da takardar albashi, ba wanda zai faɗi gaskiyar abin da yake samu, don haka abin da ido ke gani ake aunawa, kwamfuta ta ba kowane gida maki, a jera daga wanda ya fi talauci zuwa sama.

Nan ne firij ya shigo maganar. Duk Bakano ya san kayan ɗaki ba arzikin miji ba ne. Gado da kujeru da firij ɗin da ke falonmu iyayen maiɗakina ne suka yi mata su shekara goma sha uku da suka wuce, bayan mahaifinta ya sayar da fili. Firij ɗin ya mutu tun haihuwar ɗanmu na biyu, littattafan yara da takardun jarrabawa nake ajiyewa a ciki saboda ɓera. Budurwar ta ce, "Baba, akwai firij?" Na buɗe mata shi. Ta ga littafin lissafi na aji biyar a inda ya kamata a ga ruwan sanyi, ta rufe baki da hijabi tana dariya, ta ce za ta sa babu. Da wata aka turo mai bin ƙa'ida sak, da watakila labarin nan ya ƙare a nan. Kuma na tabbata takardar shaidar malanta da nake da ita ta ƙara mana maki, alhali ita ce ta kai ni aikin dubu 35.

Suka ce mace ake so a matsayin mai karɓa, namiji ya zama madadinta. Ta kawo katin zaɓe aka kwafi suna, aka ɗauke ta hoto a bakin ƙofa, suka tafi. Shiru. Wata shida, shekara, shekara biyu. Har muka manta.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin kwana biyu, 'yan adaidaita sahu suka ninka kuɗin mota, na koma taka sayyada zuwa makaranta. A Yuli aka ce za a ba gidaje miliyan 12 naira dubu 8 a wata har wata shida, mutane suka yi ca, aka janye. Ranar 17 ga Oktoba aka ƙaddamar da sabon shiri: naira dubu 25 a wata, har wata uku, ga gidaje miliyan 15, da bashin Bankin Duniya na dala miliyan 800 a bayansa.

Ranar 'yan damfara ta fito. Kowane zauren WhatsApp sai ka ga an turo "danna nan ka cike", wasu na yawo da fom ana saye naira 500, wani yaro ma ya kafa teburi a bakin masallaci yana karɓar lambar tantancewa ta banki, wato BVN, daga hannun tsofaffi. Na hana maiɗakina ba kowa komai, don na tuna abin da baƙin nan suka ce a filin firamare: ba a sayar da fom, kuma daga cikin rajista ake ɗebo sunaye. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu bisa zargin karkatar da kuɗi, aka kuma tsayar da shirye-shiryen tallafin gaba ɗaya don bincike. A watan da ya biyo baya ne mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano kan tsadar fulawa, a lokacin ne kuma afafata, ɓarzajjiyar shinkafar da a da kifi ake zuba wa, ta zama abincin gidajen mutunci. Mun ci ta, ba sau ɗaya ba.

Da aka dawo da shirin sai aka zo da sharaɗi: ba kuɗi a hannu, sai ta asusu, kuma sai an tantance mutum da lambar ɗan ƙasa, wato NIN. A ganina sharaɗin daidai ne, don kowa ya san yadda rabon hannu da hannu ke ƙarewa. Sai dai shi ne ya kusa kayar da mu.

Wata Laraba ɗanmu na fari ya dawo da gudu, wai an liƙa sunaye a bangon firamare, ya ga na Umma. Ta je tantancewa da takardar NIN ɗinta da lambar asusu. Kafin azahar ta dawo fuska ba walwala. Jami'in ya ce mata, "Hajiya, wannan ai mata uku ne, wacce ce ke a ciki?"

Ga yadda abin yake. Sunan kakarta ta wajen uba aka mai da mata, don haka tun tana zanen goyo ba mai kiran sunan yankanta, sai lakabi, irin su Ummi da Mama da Walida da kowane gida ke da su. Da lakabin ta tashi, da shi aka ɗaura mana aure a bakin jama'a. A 2015, lokacin da ake rububin yin BVN, ta buɗe ƙaramin asusu saboda adashe, aka tambaye ta suna ta faɗi lakabin, ta haɗa da sunana, don ta ga haka matan ma'aikata ke yi. A katin zaɓe sunan yanka ne da na mahaifinta. A 2021, da aka ce za a rufe duk layin wayar da ba a haɗa da NIN ba, ta yi rajista da sunan yanka da na mahaifi da na kaka, wanda ya shigar kuma ya rubuta sunan da irin nasa harrufan. Shekarar haihuwa ma biyu ce, ɗaya ta girmi ɗaya da shekara uku, ko da yake duka ranar 1 ga Janairu aka haife su. A unguwa ba wanda zai yi gardamar cewa mace ɗaya ce. Kwamfuta ba ta san alkunya ba.

Shawarar da wani abokin aikina ya ba ni ta yi amfani: kada mu taɓa NIN, tunda ita ce uwa, mu gyara na banki ya bi ta. Na danna *346# a wayarta muka tabbatar da lambar NIN, na danna *565*0# muka fito da BVN, na rubuta su a bayan littafin darasi. Washegari na nemi izini a makaranta muka tafi banki. Muka karɓi lamba a bakin ƙofa, muka zauna a rumfa daga ƙarfe tara har bayan azahar. Da muka isa teburin, matar ta duba ta ce tunda ba kuskuren harafi ba ne, suna ne gaba ɗaya ya bambanta, sai mun kawo takardar rantsuwa daga kotu, da sanarwar canjin suna a jarida, da takardar NIN, da hoto biyu.

A bakin kotu tun kafin ka sauka daga adaidaita za a tare ka: "Alhaji, rantsuwa ce? Shekaru ko suna?" Wani ya ce in kawo dubu bakwai ya gama komai ba sai Hajiya ta shiga ba. Na ƙi. Muka sami mai buga takardu a gindin bishiya ya buga mana, muka shiga ciki muka biya aka ba mu rasit, ta tsaya gaban jami'in rantsuwa ta ce ita ce mai wannan suna kuma ita ce mai wancan, ya buga hatimi. A hanyar dawowa take ce mini, rabon da ta ji an kira sunan yankanta da ƙarfi tun ranar saukarta ta Alƙur'ani. Jarida kuwa wakili muka ba kuɗi, bayan kwana huɗu muka sayi kwafi, ga sunanta cikin ɗan akwati kamar kan ashana, a tsakiyar ɗaruruwan mata masu irin matsalarta.

Komawa ta biyu banki, babu sabis. Ta uku, na'urar ɗaukar yatsa ta ƙi karɓar hannunta. Shekaru tana matse awara da ruwan zafi, ga wanki, ga lallen bikin ƙanwarta bai gama fita ba. Aka goga mata man shafawa, aka goge, aka sa ta hura yatsan, aka gwada na hagu. A karo na bakwai ko na takwas ɗan yatsan tsakiya ya shiga. Mai gadin bankin da ke kallo har da cewa "Allahu akbar". Layin wayarta ma da sunan ƙaninta aka yi masa rajista, sai da muka yanki sabo da nata NIN, muka koma wajen masu tantancewa aka sauya lamba.

Ni malamin lissafi ne, don haka na rubuta komai. Kuɗin mota, bugun takarda, rantsuwa, jarida, hoto, sabon layi: naira dubu 14 da ɗari shida. Kwana uku da ban je aiki ba an yanke mini su a albashi. Kwana huɗu ba a soya awara ba. Kuɗin kuma rance ne daga uwar adashe. Akwai daren da na kwanta ina cewa anya ba sayar da kare muka yi muka sayi biri ba. Nan na gane wani abu da masu tsara shirin watakila ba su hango ba: wanda ba shi da aikin yi yana da lokacin bin layi amma ba shi da kuɗin mota, mai ƙaramin aiki kuma duk ranar da ya bi layi da abincin gidansa ya biya.

Alat ɗin ya shigo bayan wata biyu da 'yan kwanaki, da daddare, muna shirin kwanciya. Ta miƙo mini wayar ta ce in karanta, ko irin saƙon nan ne na kamfani. Naira dubu 25 cif. Da safe ta je wajen mai POS na bakin layi da kanta, ya cire ladansa ya ba ta sauran. Ni ban taɓa ko naira ba, kuma ban yi da-na-sani ba, don ta fi ni iya kasafi. Ta rage bashin mai shago, ta auno masara, ta biya kuɗin Islamiyyar yara biyu da aka fara korowa, sauran ta sayi waken suya mai ɗan yawa a Dawanau ta hannun wani maƙwabci, maimakon kwano ɗaya-ɗaya da take saye da tsada a unguwa. Wannan na ƙarshen shi ne ya bar alama, don har yau jarin awarar bai koma yadda yake a da ba. Kashi na biyu da ya zo daga baya, rabinsa uwar adashe ya tafi.

Da babu gara ba daɗi, kuma duk wanda ya ce dubu 25 ba komai ba ce bai taɓa kwana yana juyi saboda dubu biyu ba. Amma in ka raba ta kwana talatin, ka raba wa mutum bakwai, kowa ya tashi da naira 119 a yini. Na kuma yi wani lissafin: dubu biyar ta 2017, lokacin da dala ke naira 305 a farashin gwamnati, dala 16 ce da 'yan kai. Dubu 25 a dala mai naira 1,500, ita ma dala 16 ce da 'yan kai. Lamba ce ta kumbura. Sannan gida ake ba, ba a ƙirga yara: maƙwabcinmu mai mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, da tsohuwar da ke zaune da jika ɗaya, duk abu ɗaya suka samu.

Wani abokin karatuna da ke aikin kula da tsofaffi a Ingila ya ce mini a can ma'aikaci mai ƙaramin albashi da ke da yara gwamnati na cika masa duk wata, kuma in albashinsa ya ƙaru ba a yanke tallafin lokaci ɗaya, a kowace fam da ya ƙara samu ana rage masa kashi 55 cikin ɗari ne, don kada aiki ya zama asara. Shi kansa ba ya samu, don bizarsa ta haramta masa. Na ce to Ingila ta yi nisa. Afirka ta Kudu tun 1998 take biyan kuɗi duk wata a kan kowane yaro na gidan da samunsa bai kai wani mizani ba, ko iyayen na aiki ko ba sa yi. Mu a nan abin da aka tanadar wa mai aiki shi ne mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma dubu 70 a Yulin 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya sa na Kano dubu 71. Na yi murna da na ji, sai da na gano dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Mu goma sha huɗu ne a makarantarmu, har da mai shara.

Dattijon nan mai gadi, wanda aka yi wa dariya a filin firamare, shi ma sunansa ya fito a bango. Bai sami komai ba. Makon jiya bayan sallar isha'i ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, ya zaro wata leda daga aljihu, a ciki takardar NIN ce da ta sha ninki da tsohon katin banki. Ya ce, "Malam, an ce kai ka san hanyar abin nan." Na haska da fitilar waya. A ɗaya sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, a ɗaya sunan garinsu. Na ce, "Baba, sai an je kotu da banki, kuma ba ranar Asabar ko Lahadi ba." Ya ce shi ba shi da ranar hutu, in zai fita sai ya ajiye wani a bakin get ya biya shi. Na ce ya bari a yi hutun zango in raka shi, don ni ma ba zan iya ƙara yankan albashi ba. Ya mai da takardun cikin leda ya ƙulle, ya tambaye ni hutun saura kwana nawa. Na ce saura mako uku.